Mun Taɓa Zama Ƙasar Amana: Martani ga Mai Neman a Miƙa Mu ga Majalisar Ɗinkin Duniya

Malam ya rubuta cewa tunda gwamnati ta kasa tsare rayukan mutanen gabashin Sakkwato da Zamfara da wasu sassan Katsina, abin da ya rage shi ne a cire waɗannan yankuna daga hannunta na wasu shekaru, a danƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zo da sojojinta da alƙalanta da ma'aikatanta, in ƙura ta lafa a maido mana. Ya kafa hujja da Kosovo da Timor ta Gabas. Daga nan ya dawo gida, ya ce ai mu ma an taɓa yi mana haka a Kamaru ta Arewa: an riƙe ta amana kusan shekara 40, an kaɗa ƙuri'a lami lafiya, ta shigo Nijeriya ba a zub da jinin kowa ba.

Na san inda maganar ta fito, shi ya sa ban raina ta ba. Wanda ke zaune a Wamakko ba sai an ba shi labarin 'yan gudun hijira ba. Matan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo suna nan a gefen birni, cikin kangaye da gidajen dangi, da 'ya'yan da rabonsu da makaranta tun kafin a kore su daga ƙauye. Wanda ya ga haka ya ce ko waye ya zo ya ceci mutane, tausayi ne ya sa shi. Sai dai misalin da Malam ya ɗauko daga gida shi ne mafi raunin hujjarsa, kuma tarihinsa ya shafi Sakkwato fiye da yadda mutane suke zato.

Yankin da ake kira Kamaru ta Arewa yanki ne na ƙasar Adamawa da ta Borno. Modibbo Adama daga hannun Shehu Usmanu ya karɓi tuta, kuma masarautar da ya kafa ta miƙa har Garwa da Marwa da Ngaundare da Banyo. Da Ingila da Jamus suka zauna rabo a ƙarshen ƙarni na 19, sai suka ja layi ya bar Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar Lamiɗo kuma ta faɗa hannun Jamus. Borno ma haka: Dikwa ta zama ta Jamusawa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Garwa ta faɗi a Yunin 1915, sojojin Jamus da suka ƙi sauka daga dutsen Mora suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. A watan Yulin 1919 ministoci biyu, Milner na Ingila da Simon na Faransa, suka sake rabon. Faransa ta kwashi kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta ɗauki siraran yankuna a gefen iyakar Nijeriya. A 1922 Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa albarka a wannan rabo da sunan riƙo a madadin duniya. A 1946 aka sabunta takardar ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kira shi riƙon amana. A duk waɗannan zaman ba a tambayi Lamiɗo ba, ba a tambayi Shehun Dikwa ba, balle Margi da Higi da Chamba da Mambila waɗanda ke noma ƙasar.

To wa ya yi mulki a waɗannan shekaru? A nan Malam ya yi tsallake. Babu wani ma'aikacin duniya da ya taɓa zama a Mubi ko Bama yana yanke hukunci. Ingila ta ɗauki yankin ta liƙa a lardunan Nijeriya da ke kusa: Dikwa ƙarƙashin Razdan na Borno, Mubi da Madagali da Ganye da Gashaka ƙarƙashin Razdan na Yola da En'e ta Adamawa, wani ɗan sashe kuma a lardin Binuwai. Di'o Bature ne, hakimi daga Yola ake naɗo shi, haraji da jangali su ne dai waɗanda kowa ya sani. Abin da ya bambanta shi ne rahoto guda da ake rubutawa kowace shekara a aika Janeba.

Kwamitin da ke karanta wannan rahoto a Janeba ba ya zuwa ƙasar ya gani da idonsa. Mazaunin yankin da ke da kuka, dole takardarsa ta bi ta hannun gwamnatin da yake kuka da ita kafin ta isa kwamitin. Sannan a cikin kwamitin, wakilin da ya fito daga Ingila tun farkon shekarun 1920 har zuwa 1936 shi ne Lugga, wato mutumin da rundunarsa ta shigo Sakkwato a watan Maris na 1903, aka yi artabu a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi. Shi aka ɗora ya duba ko Ingila tana riƙon amana da adalci. Duk ɗan Sakkwato da ya ji wannan ya kamata ya dakata kafin ya kira tsarin da sunan mulkin duniya.

Akwai abubuwa biyu da ke nuna yadda amanar ta kasance a aikace. A 1923 Turawa suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Dumbulwa ta ƙasar Fika, bisa tsoron Mahadiyya. Ina suka kai shi? Buea, a kudancin wannan ƙasar amana, inda ya shafe kimanin shekara 20 kafin a maido shi Kano a ci gaba da tsare shi. Ƙasar da aka ce ana riƙe ta don jin daɗin mutanenta, ita aka mayar wurin ajiye wanda ake son a nesanta da jama'arsa. Na biyu, Hamman Yaji hakimin Madagali, wanda ya bar littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, cike da lissafin hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu da bayin da aka kamo. Hana bauta yana cikin sharuɗɗan riƙon tun ranar farko. Duk da haka yana kan kujerarsa har 1927, shekara biyar bayan an tabbatar da riƙon, kuma ko da aka tuɓe shi, zargin alaƙa da Mahadiyya yana cikin abin da ya tunzura Turawa. Mutanen Sukur da maƙwabtansu har yau suna tuna sunansa.

Batun raya ƙasa kuwa, manomi ya fi kowa fahimtarsa. Wanda aka ba aron gona ba ya kai mata taki, ba ya dasa mata itace, domin bai san ranar da mai ita zai karɓe ba. Ingila ba ta da tabbacin yankin zai zauna a hannunta, don haka ba ta zuba masa kuɗi ba. Hanyar mota ta yi ƙaranci, mai zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila a ƙafa ko a kan doki yake hawa, wasu sassan duwatsun Gwoza kuma an ayyana su yankunan da ba su lafa ba, sai da izini ake shiga. Bayan 1946 an samu ɗan sauyi, domin sabuwar Majalisar tana turo tawaga ta zagaya, ta farko a 1949, kuma tana karɓar koke kai tsaye. Tawagogin sun rubuta ƙarancin makarantu da hanyoyi da asibitoci. Rubutawa ce iyakar ikonsu, kasafin kuɗi yana hannun Legas da Kaduna.

Abin da ya motsa al'amura ya faru ne a watan Nuwamban 1959, kuma shi ne wurin da nake so Malam ya sake karantawa a natse. An tambayi mutanen Kamaru ta Arewa: kuna so ku zama cikin Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko kuwa a ɗage shawarar zuwa wani lokaci? Gwamnatin Sardauna ta ɗauka an gama, ai harshe ɗaya ake ciniki da shi, kasuwa ɗaya, En'e ɗaya. Da aka ƙirga, 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 suka ce a shiga. Kaduna ta girgiza. Waɗanda suka bi diddigin abin sun gane cewa mutane ba ƙaunar Yawunde ce ta ja su ba, gajiya ce da hakiman da ake turo musu daga Yola da Bama, da kotunan da ba sa jin harshensu, da harajin da ba sa ganin amfaninsa. Jam'iyyun adawa, NEPU da AG da UMBC, sun yi yaƙin neman ƙuri'a a kan wannan ciwo.

Cikin shekara guda aka yi abin da shekara 37 na rahotanni ba su yi ba. Aka yanke yankin daga En'e ta Adamawa, aka kafa hukumomin gargajiya masu cin gashin kansu a Mubi da Ganye da Gashaka-Mambila, Gwoza ma ta sami tata. Aka sauke hakiman da jama'a suka ƙi. Aka yi alkawarin in sun shigo Nijeriya za su zama lardi na kansu. Da aka sake ƙuri'a a Fabrairun 1961, 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka sa masa suna Lardin Sardauna, hedikwata a Mubi. Sunan ɗan Rabah ne a kan lardin, kuma ya cancanci yabo a kan abu ɗaya: da talakawa suka ce a'a, bai tura musu 'yan doka ba, ya gyara abin da suka ƙi.

Malam zai ce ai Majalisar ce ta kawo akwatin. Gaskiya ne, kuma ba zan tauye mata haƙƙi ba. Ita ta turo kwamishinan sa ido, Jalal Abdoh ɗan Iran. Ita ta matsa a raba mulkin yankin da na Nijeriya daga 1 ga Oktoba 1960, aka naɗa Sir Percy Wyn-Harris ya riƙe shi daga Mubi har a gama. Ita ce kuma ta dage cewa mata su yi ƙuri'a a 1961, bayan an hana su a 1959. Matan Mubi da Gwoza da Ganye sun kaɗa ƙuri'a shekara 15 kafin matan Sakkwato da Kano, kuma da suka shigo Nijeriya sai aka karɓe musu wannan dama har zuwa 1976. Wannan abin kunya namu ne, ba na kowa ba. Amma a duba da kyau abin da Majalisar ta yi da ya yi amfani: sa ido a kan ƙuri'a, da tilasta wa mai mulki ya tambayi waɗanda yake mulka. Ko ɗaya cikin waɗannan bai buƙaci a karɓe ƙasa daga hannun masu ita ba. Shekarun riƙon kansu ba su bar abin a zo a gani ba, watannin tambayar ne suka yi aiki.

Ita kanta tambayar ta 1961 tana da tabo. Akwati biyu aka ajiye, na Nijeriya da na Kamaru, babu na uku mai cewa mu tsaya da ƙafarmu. A arewa wannan bai zama fitina ba. A Kamaru ta Kudu, ɗaya ɓangaren da Ingila ta riƙe, inda 233,571 suka zaɓi Kamaru a kan 97,741, ya zama. Rikicin da ya ɓarke a yankin masu magana da Ingilishi tun 2016, wanda ya koro dubban mutane zuwa Kuros Riba da Binuwai da Taraba, masu ɗauke da makamansa har yau akwatin nan na uku suke ambata. Gwamnatin Kamaru ta Ahmadu Ahidjo kuma ba ta yarda da sakamakon arewa ba, ta mayar da 1 ga Yuni ranar makoki, ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya tana cewa liƙa yankin a jikin Nijeriya tun farko saɓa amana ne. A Disambar 1963 kotun ta ƙi shiga cikin ainihin ƙarar, ta ce riƙon ya riga ya ƙare, hukunci ba zai canza komai ba. Wato mai riƙon ya tattara ya tafi, kuma babu inda za a tsayar da shi a tambaye shi. Layin Milner da Simon kuwa yana nan da ransa, domin yana cikin takardun da kotun ta dogara da su a hukuncin Oktoban 2002, wanda ya sa a ƙarshen 2003 ƙauyukan Darak na bakin tafkin Chadi suka koma Kamaru da masuntan Hausawa da Barebari a cikinsu.

Wanda ya ɗauki taswirar tsohuwar ƙasar amana ya ɗora a kan taswirar garuruwan da Boko Haram ta kama a 2014 zai ga abin da zai sa shi shiru. Gwoza a Agusta, Bama a Satumba, Madagali da Michika, sai Mubi a Oktoba. Ba na cewa riƙon amana ne ya haifi Boko Haram. Shekara 53 ne tsakani, kuma a cikinsu gwamnatocinmu ne suka yayyanka yankin tsakanin Borno da Adamawa da Taraba, suka bar shi a bakin iyaka ba hanya ba masana'anta, suka yi ta sanar da madatsar wutar Mambila shekara da shekaru ba a ga wuta ba. Laifinsu ya fi na Ingila tsawo. Amma Malam ya gabatar da yankin a matsayin shaidar cewa riƙon duniya yana barin tubali mai ƙarfi, kuma garuruwan da na lissafa ba su goyi bayansa ba.

Kosovo da Timor ba za su ɗauke ni lokaci ba. Mutanen Timor ta Gabas sun riga sun zaɓi rabuwa da Indonesiya a Agustan 1999, Majalisar ta riƙe su ƙasa da shekara uku ta miƙa musu mulki a Mayun 2002, kuma a 2006 sai da sojojin waje suka dawo domin rundunar da aka gina ta dare. Al'ummarsu a lokacin ba ta kai miliyan ɗaya ba, alhali Jihar Sakkwato kaɗai ta haura miliyan 3.7 tun a ƙidayar 2006. Su yaƙin rabuwa da wata ƙasa suka yi. Mu wa za mu rabu da shi? A Bosniya, ofishin babban wakilin ƙasashen waje da aka kafa a 1995 a matsayin na wucin gadi ya kai shekara 30, da ikon tuɓe wanda jama'a suka zaɓa. A Kosovo, hukumar Majalisar ta ajiye iyalan Roma a sansanoni kusa da tsohuwar ma'adinar dalma a Mitrovica, yara suka sha guba shekara da shekaru. Kwamitin da ita kanta ta kafa ya ce a 2016 a biya su diyya, abin da suka samu shi ne nuna alhini da wani asusun ayyukan al'umma. A Haiti, kwalarar da sojojin kiyaye zaman lafiya suka shigo da ita a 2010 ta kashe kusan mutum 10,000, kotunan Amurka suka ce Majalisar tana da kariya, ba a iya ƙararta. Gwamnan da ya gaza, komai lalacewar zaɓenmu, akwai ranar da zai zo neman ƙuri'a a Gumbi da Dundaye, akwai gidan rediyon da za a ambaci sunansa, akwai ranar da rigar kariyarsa za ta faɗi. Wakilin da aka naɗo daga New York yana amsa tambaya ne ga waɗanda suka naɗo shi.

Ko da mun so, ƙofar ma a rufe take. Sashe na 78 na kundin Majalisar ya hana a sa ƙasar da take memba cikin tsarin riƙon amana, kuma kwamitin riƙon kansa ya dakatar da aiki tun Nuwamban 1994 bayan tsibirin Palau ya sami 'yanci. Abin da zai yiwu shi ne rundunar kiyaye zaman lafiya, irin wadda ta zauna a Mali daga 2013 zuwa 2023, ta rasa ɗaruruwan jami'anta, ta fita ta bar arewacin ƙasar cikin yaƙi. Sojan da aka kawo daga wata nahiya, wanda bai san Fulatanci ko Hausa ba, bai san wane ardo ne aka kashe wa shanu ba, bai san wace burtali aka nome ba, ta yaya zai raba ɗan bindiga da makiyayin da ke gudun ɗan bindiga a dajin Gundumi? Kuma a Tangaza da Gudu, da ba su da nisa da mu, mutane sun ɗanɗani gayyatar masu bindiga daga waje, wato Lakurawa, don su yi musu maganin ɓarayi. Ban haɗa Majalisar Ɗinkin Duniya da Lakurawa ba, Allah ya kiyaye. Abin da ya haɗa lamuran biyu kawai shi ne wanda ka gayyato da makami saboda ka rasa mafita, ba kai ke sa masa ranar tafiya ba.

Malam, taimakon waje ba abin ƙi ba ne, kuma muna karɓarsa a kullum: abincin yara masu tamowa, allurar rigakafi, masu sa ido a zaɓe, masu binciken inda makamai da zinariya ke bi ta iyakar Illela da Sabon Birni. A ƙara mana waɗannan, mu yi godiya. Abin da mutanen Mubi suka samu a 1959 kuwa yana hannunmu mu bayar ko mu hana. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23. A jihohinmu kusan duka, jam'iyyar gwamna ce ke lashe kowace kujera a zaɓen ƙananan hukumomi, don haka mutumin Isa ba shi da hanyar da zai ce wa shugaban ƙaramar hukumarsa a'a, ya ga an sauke shi. Dubban da suka yi hijira ba su ma san a wace rumfa za su yi zaɓe ba, tunda rumfunansu suna ƙauyukan da suka zama kufai. Da Malam zai karkatar da alƙalaminsa wajen neman a yi musu rajista a inda suke zaune yanzu, a buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa wata-wata a manna a ƙofar sakatariya, a kuma gayyato masu sa ido na waje su tsaya a kan zaɓen kansiloli kamar yadda suka tsaya a Mubi da Gwoza, zan sa hannu a takardarsa, in kuma ɗauke ta in zagaya da ita Arkilla da Kalambaina in nemo masa wasu hannuwan.